Sojan ƙauyenmu da ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba: ta ina ake fara nemansa?

Dan_Karaduwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyar ci gaban wani ƙauye a ƙasar Katsina tana rubuta tarihin gari, kuma akwai mutum guda da aka ɗauka soja zamanin Turawa, aka ce ya tafi Bama (ƙasar Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Abin da ke hannun danginsa: lambar yabo ɗaya mai siffar tauraro, tsohon hoto guda, da sunan da ake kiransa a gida. Babu lambar soja, babu takarda. Ana iya gano ranar da ya rasu da inda aka binne shi? Da me za a fara?

MalamNaZariya: Wa alaikumus salam. Ana iya ganowa, amma kada ku fara da intanet. Ku fara da tsofaffi, domin sunan gida ba lallai ne shi ne sunan bariki ba. Akawun da ke rubuta sababbin sojoji yakan haɗa sunan yanka da sunan babban gari ko na ƙabila, sai a samu irin su Musa Katsina, Garba Sokoto, Audu Zaberma. Mutumin ƙauye ba a cika rubuta masa sunan ƙauyensa ba, sunan babban garin da Bature ya sani ake maƙala masa. Don haka kafin ku taɓa kowane kundi ku tattara: sunan yanka, laƙabi, sunan uba da na kaka, sunan hakimin da aka ɗauke shi a ƙarƙashinsa, da sunayen waɗanda suka tafi tare. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke mantawa, alhali waɗanda aka rubuta rana ɗaya lambobinsu kan zo a jere. In an sami takardar sallamar wanda ya dawo, an sami unguwar da lambar mamacin take.

Bakatsine77: A juya lambar yabon kawai, sunansa da lambarsa suna rubuce a baya.

Saje_Mai_Ritaya: A'a Bakatsine, wannan na yaƙin 1914 zuwa 1918 ne, su ne aka buga wa suna da lamba. Lambobin yabon Ingila na yaƙin 1939 zuwa 1945 haka aka raba su, bayansu fayau. Abin da tauraron zai gaya muku fagen daga ne kawai. A duba rubutun da ke zagaye a gabansa, a kuma duba ƙyallen in yana nan. Na Bama ja ne a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da zanen ruwan lemo. Na Afirka launin yashi ne da jan zane a tsakiya. Bambancin yana da muhimmanci, domin sojojin Najeriya sun fara yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha, sun shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka kai Harar a Maris. A ƙauye duk wanda ya tafi yaƙin Hitila cewa ake yi ya tafi Bama.

Kuma kada a goge shi da toka ko man goge ƙarfe. A bar shi yadda yake, a ɗauki hoton gaba da baya.

Hajiya_Taskar_Tarihi: Ƙari a kan maganar Malam na Zariya, yadda ake yin hirar ma yana ɓata aiki ko ya gyara shi. Kada a tara dattawa a zaure ɗaya, domin da zarar babbansu ya faɗi magana sauran ba za su saɓa masa ba. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a naɗi murya a waya, a rubuta ranar hirar da dangantakar mai magana da mamacin. Kada a tsallake cikin gida. Gwaggo da iya su ne suka san wa ya aura, ko ya bar ciki, wa ya kawo labarin rasuwar, ko an yi zaman makoki ko jira aka yi ta yi. Kuma kada a ce "ba a 1944 ya tafi ba?", za a ce maka e don a girmama ka. A tambaya: wane sarki ke kan gado, da damina ne ko da rani, an haifi wane ko tukuna. Ku mutanen Katsina kuna da ma'auni mai kyau, Sarki Dikko ya rasu a 1944 aka naɗa Usman Nagogo. Tambayar "kafin rasuwar Dikko ko bayanta" ita kaɗai tana raba shekarun yaƙin gida biyu.

Kuza_Bukuru: A kuma tabbatar soja aka kai shi. Tsakanin 1942 da 1944 an yi ɗiban gwamna, aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos ala tilas, kuma da yawa sun mutu can saboda sanyi da yunwa da cuta. Ta hannun hakimai da dagatai ɗin nan dai aka bi, a shekaru guda, shi ya sa bayan tsawon zamani labaran biyu kan cakuɗe a bakin jikoki. Tunda akwai tauraro da hoto to da sauƙi, amma a tabbata nasa ne.

Saje_Mai_Ritaya: Kuza ya taɓo inda nake so. Lambobin yabo bayan an gama yaƙi aka raba su. Wanda ya rasu, ko dai an aiko wa magada ta hannun Di'o da En'e, ko kuwa tauraron na wani ɗan uwa ne da ya dawo da rai, aka haɗa kayan a akwati guda. A tambayi wa ya kawo shi gidan.

Dan_Karaduwa: Na gode ƙwarai. An duba tauraron, na Bama ne. Hoton kuma ba jar dara ce a kansa ba, malafa ce mai faɗin baki. A kafaɗarsa akwai wata alama kamar zobe da sanduna biyu a gicciye, ba ta fita sosai.

MalamNaZariya: Madalla, wannan hoton ya fi tauraron amfani. Ba zobe ba ne, gammo ne, sandunan kuma masu ne. Alamar runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan, masu biyu a gicciye cikin gammon ɗan dako. Ta 81 kuwa baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya.

Ga abin da hakan ke nufi. Runduna ta 81 ita ta riga zuwa, ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin Kaladan. A cikinta bataliya ta 4 ta Najeriya tana tare da ta Gambiya da ta Saliyo a birged ta 6, birged ta 5 kuma mutanen Gwalkwas ne, wato Gana ta yau. Birged ta 3, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya, an cire ta aka ba Janar Wingate, su ne suka yi yaƙin Chindit a bayan layin Japan a 1944. Runduna ta 82 ta biyo baya a 1944, ta shiga fagen Arakan a Disambar shekarar. Bataliyoyin Najeriya da ke cikinta su ne ta 1, ta 2, ta 3, sai ta 5, ta 9 da ta 10. Sun bi ta Buthidaung da kogin Kalapanzin, suka haɗu da ta 81 aka ci Myohaung a ƙarshen Janairun 1945, sannan suka nausa kudu ta Dalet da Tamandu da An. In a daga ya faɗi, tsakanin Disambar 1944 da farkon daminar 1945 za ku fi mai da hankali.

Abu_Tudunwada: Ikon Allah. Ashe sunayen barikokin nan daga can suke, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya.

Saje_Mai_Ritaya: Har da Myohaung da An da Arakan da Tamandu a Legas, da Letmauk a Ibadan. Mai neman wuraren a taswirar yau ya sani an canza sunaye: Arakan ita ce Rakhine, Akyab ita ce Sittwe, Myohaung kuma Mrauk U.

Injiniya_Sani_K: Bari in yi bayanin binciken intanet ɗin, don nan ne mutane ke gajiya su ce babu shi. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ake taƙaitawa CWGC, tana da rumbun sunaye kyauta. Na yaƙi na biyu ya ƙunshi wanda ya rasu yana soja daga 3 ga Satumban 1939 zuwa 31 ga Disambar 1947, ko harsashi ne ko ciwo.

Kada ka cika duk akwatunan binciken. Sau da yawa an zuba sunan ɗan Afirka duka biyun a gurbin sunan mahaifi, gurbin sunan farko babu komai, in ka raba su sai shafin ya ce bai samu ba. Rubuta sunan garin kaɗai, ka zaɓi yaƙi na biyu, ka sauke sakamakon duka a matsayin jadawali, sannan ka tace a kwamfuta. Ka gwada kowane irin rubutu: Katsina da Katsena, Mamman da Mama da Momo da Momadu, Audu da Abdu, Garba da Garuba, Isa da Issa. Bayan haka ka tace da bataliyoyin da Malam ya lissafa da watannin da ya faɗa. Lambobin mutanen Najeriya da NA suke farawa, na Gwalkwas da GC.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a kan rejimantin Najeriya kawai. Gammon nan da ke kafaɗa ba ado ba ne. Rundunonin biyu sun dogara da sojojin dako, waɗanda ke ɗauke da harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, kuma a ƙungiyoyinsu daban aka rubuta su. Akwai kuma direbobi, 'yan igwa, injiniyoyi da ma'aikatan asibiti, kowa da sunan sashensa, duk da alamar runduna ɗaya suke ɗaurawa.

Ummu_Khadija: In an samu sunan, kabarin yana ina?

Injiniya_Sani_K: Ya danganta. Babbar maƙabartar ita ce Taukkyan, arewa da Yangon. A 1951 aka fara ta, aka kwaso kaburbura daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, akwai sama da 6,000 a ciki. A tsakiyarta akwai ginshiƙan tunawa na Rangoon (tsohon sunan Yangon) masu sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma mutanenmu da yawa a nan suke, suna ne a dutse kawai. Wanda aka kwaso da rauni ko ciwo ya cika a asibiti, ana iya samunsa a Chittagong ko Maynamati a Bangladesh ta yau, ko Madras a Indiya. Zazzaɓin cizon sauro da atini sun kwantar da sojoji fiye da harsashi a wannan fagen, don haka kada a ɗauka dole a daga ya faɗi. Shafin zai ba da lambar kabari ko lambar fuskar ginshiƙin. Zuwa can kuwa ba yanzu ba, ƙasar tana cikin yaƙi tun juyin mulkin 2021, Rakhine ma ta fi tsanani.

Gaskiya_Daci: Ni fa ban ga abin tunawa a nan ba. Yaƙin Turawa ne, ƙasar wasu, an kwashi talakawa an kai su sun mutu don tutar da ta mallake su. A yi masa addu'a a wuce.

Hajiya_Taskar_Tarihi: Malam Gaskiya, ai maganarka ita ce hujjar a rubuta. In ba a rubuta yadda aka ɗauke shi ba, wa zai san ko da son ransa ya tafi ko dagaci ne ya cika adadin da aka yanka masa? Duka biyun sun faru. Akwai wanda albashi da kaki suka ja, akwai wanda aka nuna da yatsa saboda ba shi da mai tsaya masa. Hukumar kaburburan da kanta ta fitar da rahoto a Afrilun 2021 ta amsa cewa a yaƙin farko aƙalla mutum 116,000, akasari 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Wanda aka yi wa haka, mu ma mu taya a shafe shi?

Gaskiya_Daci: Rubutu a littafi ban ƙi ba. Gina dutse da ajiye fure ne ba namu ba.

Alaramma_Funtuwa: Babu wanda ya kawo zancen fure. Sadaka da addu'a da sanar da zuri'arsa ranar rasuwarsa sun wadatar. Amma akwai wata ƙofa da ba a ambata ba. In ya bar mata, ba ta sake aure haka kawai ba. In labarin rasuwa ya tabbata ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, in kuwa ɓata aka ce ya yi, sai an je gaban alƙali ya yanke wa'adi. Haka rabon gado, ana rubutawa saboda ushira. To littafin kotun alƙalin gundumar na 1945 da 1946, in ya tsira, zai iya ɗauke da sunansa na gaskiya da na magada. Da ajami ko Larabci za a same shi, a tafi da mai iya karantawa.

Dan_Damagaram: Ƴan uwa na Nijeriya, ku riƙa duba wancan gefen iyaka ma. Ƙauyukan arewacin Katsina da Daura dangi ɗaya ne da Maraɗi da Damagaram. Akwai waɗanda suka tsallako suka shiga sojan Ingila, shi ya sa kuke ganin Zaberma da Buzu a sunaye, akwai kuma waɗanda Faransa ta ɗauka cikin tirayer, wato sojojinta 'yan Afirka. Na Faransa ana nemansu a shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojansu, kuma can da sunan serkal ake bi, wato gundumar mulkin Faransa, Zinder ko Tahoua, da rubutun Faransanci: Moussa, Ousmane, Mahamane. Fayilolin aikinsu suna garin Pau a Faransa. Na ku tunda gammo ne a kafaɗa na Ingila ne, na faɗa ne don wasu masu karatu.

Zongo_Kumasi: Haka nan Gana. Hausawan zango da yawa a rejimantin Gwalkwas suka shiga, kuma birged ta 2 ta runduna ta 82 tasu ce. In mutumin yana fataucin goro kafin yaƙi, kada a yi mamakin ganin lambarsa da GC.

Dan_Karaduwa: An bi hanyar Injiniya. Matsalar yanzu ba rashin suna ba ce, yawansa ne. Masu sunan yankansa haɗe da Katsina sun fi ɗaya a watannin da aka ce, kuma babu wanda aka rubuta wa sunan uba ko ƙauye. Wasu a ƙungiya sun ce a ɗauki wanda ya rasu kusa da cin Myohaung, tunda tsofaffi sun ce "a babban faɗa" ya faɗi.

MalamNaZariya: Kul. Wannan ita ce hanyar da ake ɗora wa gida mamacin wani gida. Kowane soja a bakin danginsa a babban faɗa ya faɗi. Kuma kada ku koma wurin tsofaffi da waɗannan ranaku, da zarar kun furta ɗaya za ta shiga labarin, baɗi a ba ku ita a matsayin abin da aka gada. Ku rubuta lambobin duka a gefe, ku nemi takardar sallama ko littafin albashi na ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi tare. In lambarsa ta yi kusa da ɗaya daga cikin naku, kun sami hujja ta farko. Ta farko na ce, ba ta ƙarshe ba.

Hajiya_Taskar_Tarihi: Ta biyu tana Kaduna. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa fayilolin larduna suke, na Katsina ana kiransu Katprof. Ku nemi jerin fayiloli na 1940 zuwa 1947, ku duba duk abin da ya shafi ɗaukar soja, kuɗin da soja ke yanka wa iyali daga albashinsa, sanarwar rasuwa, da kayan mamatan sojoji. Saƙo daga bariki ta Razdan yake bi zuwa Di'o zuwa hakimi, kuma a irin wannan wasiƙa ce ake haɗa lambar soja da sunan ƙauye a layi guda, domin dole a san gidan da za a kai kuɗi. Ku je da takardar gabatarwa daga ƙungiya, ku tanadi kwanaki ba yini ɗaya ba, kuma ku rubuta lambar kowane fayil da kuka buɗe ko da ba ku sami komai ba. Ku leƙa Gidan Arewa ma, ku tambayi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 kuma ta riƙa buga labaran yaƙin da wasiƙun sojoji.

Takardar da kuka aro a gidan mutane kuma kada a liƙa mata salatif, kada a kai ta a rufe da roba mai zafi. Hoto gaba da baya a inuwa, a sa ta cikin farar takarda, a mayar wa masu ita.

Injiniya_Sani_K: Ta uku tana gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kew a Landan. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen Bama suna jerin WO 172, na lokacin da suke gida Afirka ta Yamma kuma WO 173. Ana iya biya a ɗauko hoton shafuka. Sai dai a rage buri: hafsa Bature ake ambata da suna, farabiti ɗan Afirka yawanci adadi ne, a ce an kashe AOR uku, wato ƙananan sojoji 'yan Afirka, a wuri kaza. Amfaninsa shi ne in kun riga kun san bataliya da rana, zai gaya muku a wane rafi ko tudu suke a ranar, da abin da ya auku. Wanda aka nema wa lambar jarumta ne kawai za a samu da suna da bayani, a WO 373.

Saje_Mai_Ritaya: A ƙara da ofishin ƙungiyar mazan jiya na jiha, wani reshen yana da tsohuwar rajista mai lambobi. Ba na mamacin za a samu ba, na abokan tafiyarsa ne, wanda shi Malam ke nema.

Bakatsine77: To in duk an bi ba a raba gardama ba fa? Littafin gari ba zai jira har abada ba.

Hajiya_Taskar_Tarihi: Sai a rubuta shi da sunan gida, a ce runduna ta 82, a jera lambobin da ake zato, a faɗi wanda ya ba da kowane labari.

MalamNaZariya: Ni ban goyi bayan jera lambobin ba, Hajiya. Mai karatu zai zaɓi ɗaya, mai kwafa zai zubar da sauran. A bar su a fayil ɗin ƙungiya, littafi ya tsaya a kan abin da hoto da tauraro suka tabbatar.

Dan_Karaduwa: Za a kai duka shawarwarin biyu gaban taro. An kuma ce ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi tare ya zauna a Kaduna bayan an sallame su a 1946, jikokinsa suna can. Saje, littafin albashin nan yaya kamanninsa yake, don a san abin da za a ce su duba a akwati?

Saje_Mai_Ritaya: Ƙarami ne, na aljihun riga, mai bango launin ƙasa. Lamba da suna suna shafin farko. In ba su gan shi ba su duba takardar sallama, ko ƙaramin faifan wuya mai igiya, shi ma da lamba a jiki. Su turo hoton kafin kowa ya ce zai karanta musu ta waya, 1 da 7 na rubutun Turawan nan suna rikitarwa.